Kunamar Ruwa Da Kifin Shak: Me Ya Sa Ake Keɓe Musu Ruwa?

Jama'a, duk wanda ya shiga kasuwar Tarauni zai ga tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda. Amma akwai wani kifi da ba kasafai ake ganinsa ba. Masuntan kogin Binuwai suna kiransa kunamar ruwa. Faffaɗa ne kamar faifai, wutsiyarsa doguwa mai ƙaya. Wanda ya taka shi, sai ya sha harbi. A 1962 masana suka rubuta bayaninsa, daga wanda aka kama a Garwa ta ƙasar Kamaru. Yau ya yi ƙaranci ƙwarai.

Yawancin danginsa a teku suke, har da kifin shak, mai manyan haƙora. A 2021 masana suka bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-iren waɗannan kifaye suna cikin haɗarin ƙarewa.

Mene ne dalili? Karfasa takan zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma ba sau ɗaya a shekara ba. Kunamar ruwa kuwa haihuwa take yi kamar akuya, 'ya'ya ƙalilan. Haka ma kifin shak da yawa, wasu sai sun yi shekaru kafin su fara haihuwa. In aka kama uwa mai ciki, an kama har da na gobe.

Don haka wasu ƙasashe suke keɓe wani yanki na teku, kamar yadda ake keɓe gandun daji. A 1976 ƙasar Muritaniya ta keɓe wani wuri mai suna Banc d'Arguin. Mutanen wurin kaɗai, wato Imragen, aka yarda su yi su a ciki, da jiragen da iska ke turawa, ban da na inji. Amma da fatake suka fara sayen fukafukan kifin shak da tsada, ana kaiwa ƙasashen Asiya don yin miya, sai masunta suka koma kansa. A 2003 aka hana kama shi da gangan. Duk da haka kamun bai tsaya cak ba, domin masunci ma yana da iyali. Doka ba ta tafiya sai an nema masa wata hanyar abinci.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na lura. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa ƙato.

To, masuntanmu na Tiga da Bagauda da Challawa, a yi hattara. A bar raga mai ƙananan idanu. A daina zuba guba a ruwa. Ƙaramin kifi da mai ƙwai, a mai da su. Mai son garke ba ya yanka akuya mai ciki.