Tsohuwar Jif Da Hanyar Ƙauye: Ina Kuɗi Zai Fara Shiga?

Yawancin masu sayen tsohuwar jif 'yar Kwatano, wadda mitarta ta haura kilomita 300,000, wurin mai walda suke fara nufa. A ɗora mata ƙaton ƙarfe a goshi, a jera fitilu a rufi, a ɗaga ta sama har sai an yi tsalle kafin a shiga. Tana ba da sha'awa a bakin titi, amma nauyi ne aka ƙara wa ƙafar da ta riga ta gaji. Abin da ke fitar da mota daga laka ko yashi yana ƙarƙashinta, inda ido ba ya kaiwa, kuma galibinsa ya fi wancan ƙarfen araha.

Mu ɗauki Toyota Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara 30. Mai injin dizal 1HZ, lita 4.2, ba ta da gudu amma ta yi suna wajen juriya, sai dai bel ne ke juya tayimin ɗinta, kuma idan ya tsinke injin na iya lalacewa nan take. Wanda bai san yaushe aka canja shi ba, ya canja kawai. Daga nan sai lagireto da tiyoyinsa da famfon ruwa. A kan kwalta iska na ratsa lagireto ta sanyaya injin. A cikin yashi kuwa mota na rarrafe a ƙaramar giya, injin na ruri, iska ba ta shiga. Nan ne tsohon tiyon da ya yi shekaru yana lallaɓawa yake fashewa, a wurin da babu bakanike.

Sai a kwanta a leƙa ƙafar gaba. A bayan kowace tayar gaban 80 akwai wani dunƙulen ƙarfe mai santsi. Idan aka ga baƙin maiƙo yana tsatsafowa a jikinsa ya haɗu da ƙura ya yi dabbare-dabbare, robar da ke raba man giya da giris ta mutu. Idan kuma ana jin ƙas-ƙas yayin da aka karya sitiyari, gaɓar da ke ciki ta cinye. Gyaran nan da canjin bushin da shokozoba su ne ke dawo wa mota da takunta na asali, wanda tun farko ya wadatar da mafi yawan hanyoyin karkara.

Taya ce ta cancanci kaso mafi tsoka. A nemi mai alamar AT, wadda ke tafiya a kwalta da burji, in da hali mai LT don kaurin gefenta, saboda kututture da tsinin dutse gefen taya suke yaga. Mai sayen ta hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka kada zanenta ya ruɗe shi. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tsohuwar roba tana bushewa ko da zanenta bai goge ba.

Mafi arhar dabara kuwa ba a sayenta ma. Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku sun daɗe da sanin cewa rage iskar taya ya fi ƙarin totur. Tayar da ke ɗauke da awo 35 a gari, idan aka sauko da ita wajen 18 ko 20, tafinta yana tsawo, sai ta hau kan yashi maimakon ta haƙa rami. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, kada a yi kwana da ƙarfi don taya na iya zamewa daga rim, sannan a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe. Shi ya sa ma'aunin iska da ɗan famfon da ake jonawa a batir suka fi fitilun rufi amfani nesa ba kusa ba.

Akwai wani ɗan gyara da damina ke tona asirin rashinsa. Kowane aksul yana da ƙofar numfashi. Idan ya yi zafi aka tsunduma shi cikin ruwan rafi, iskar ciki ta takure, sai ya zuƙi ruwa, man giyar ya koma kamar shayi da madara, haƙoran su fara cin junansu. Dogon tiyo da za a ja daga ƙofar zuwa saman ɗakin injin shi ne maganin, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Batun ɗaga mota, inci 2 ya isa. A Prado 120 (2002 zuwa 2009), wadda ƙafafunta na gaba kowace ke motsi da kanta, wuce haka yana karkatar da shaf ya riƙa yaga roba. Kuma ɗagawar ba ta ƙara tazarar tulun aksul na baya da ƙasa; tsayin taya ne kaɗai ke yin wannan.

A but a ajiye shebur, igiyar ja mai ƙwari, da faffaɗan katakon da jak zai tsaya a kai. Kada a kuskura a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela; yana ɓallewa ya taso da ƙarfin da ya sha kashe mutane. A ɗaura a ƙugiyar da ke manne da shasi. Bututun shaƙar iska da ake hawarwa gefen gilashi yana rage shan ƙura, yana kuma kare injin daga ruwa, amma ba ya hana ruwa mai gudu ɗaukar mota mai nauyin sama da tan 2. Idan kwazazzabo ya kawo, a kashe mota a jira ya janye.