Motocin Italiya da ba sa hawa titi

A shekarar 2005 kamfanin Ferrari ya fito da wata mota mai suna FXX, wadda ya gina a kan samfurin Enzo. Guda 30 kacal aka ƙera, ɗaya daga ciki ta direban tsere Michael Schumacher ce. Ba a yi mata lamba, doka ba ta yarda ta hau titi ba, kuma ba ta shiga wata gasa. Galibi a Maranello, garin kamfanin, ake ajiye ta, sai ranar da kamfanin ya shirya taro a filin tsere ya kai wa mai ita, tare da makanikai. Maƙwabtansa na yankin Emilia-Romagna sun bi sahu: Lamborghini ya fitar da Essenza SCV12 guda 40 a 2020, Pagani kuma ya fitar da Huayra R guda 30 a 2021, kowace a kan Yuro miliyan 2.6 ban da haraji.

Kuɗi na cikin dalilan ƙera irin waɗannan motoci, wannan a fili yake: abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada. Amma a ganina babban dalilin yana cikin injin. Dokokin Turai kan hayaƙi da ƙara sun matsa wa babban inji mai silinda 12 wanda ke shaƙar iska da kansa, babu turbo. Huayra ta titi tana amfani da injin Mercedes-AMG mai turbo biyu. Da aka zo ƙera ta filin tsere, sai Pagani ya haɗa kai da kamfanin HWA na Jamus aka yi sabon inji mai lita 6, babu turbo, mai ƙarfin doki 850, yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Lamborghini ma ya bar Essenza da injinta zalla mai ƙarfin doki sama da 800, alhali Revuelto ta titi da ta fito a 2023 sai da aka haɗa mata da injinan lantarki uku. Filin tsere ne wurin da injiniya ke da sauran 'yancin yin abin da ya iya.

Kamfanonin suna cewa abin da ake koya a can yana gangarowa zuwa motocin titi. Akwai gaskiya a ciki, musamman wajen rage nauyi da sarrafa iska. Sesto Elemento ta Lamborghini kilo 999 ce kawai. Sai dai abin da ake koyon ba ya wuce motocin attajirai.

Abin da ya fi damuna shi ne makomar sana'ar. Wannan kasuwa tana riƙe da masu zuba ƙarfe da masu haɗa inji da hannu a Maranello da Sant'Agata Bolognese, garin Lamborghini, kuma wannan alheri ne babba. Amma wasu masu saye suna ɗaukar motar a matsayin kadara, su kulle ta suna jiran farashi ya tashi. Injin da aka sha wahalar ƙerawa don ya yi gudu yakan daɗe ba a ko tayar da shi ba.