Karayar Hannun Yaro: Iyali Tsakanin Ɗori da Tiyata

1.0 Gabatarwa

Karaya tana daga cikin lalurorin da kan sami yara 'yan firamare, domin shekarunsu na guje-guje ne da hawan bishiya da tsallake katanga. Sau da yawa a harabar makaranta abin yake faruwa, kuma malami ne babban da kan fara isa wurin. Wannan babi zai yi bayani a kan halin da iyalin Bahaushe kan shiga idan ƙaramin yaro ya karye a hannu har ta kai ga yi masa aiki a asibiti. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa makomar hannun tana rataye ne a kan shawarar da aka yanke cikin sa'o'in farko.

2.0 Kalmomin da Suka Shafi Karaya

Hausa ta rarrabe raunin ƙashi da na gaɓa zuwa kashi huɗu. Targaɗe shi ne wahalar da jijiyoyin gaɓa suka sha ba tare da ƙashi ya taɓu ba. Gocewa ita ce fitar kan ƙashi daga gurbinsa. Tsagewa ita ce darewar ƙashi ba tare da ya rabu ba. Karaya kuwa ita ce rabuwarsa. Wannan rabe-rabe yana da kyau a harshe, amma ido ba ya iya tantance shi a jikin yaro, saboda duka huɗun suna zuwa da zafi da kumburi. Iyaye kan zaɓi kalmar da ta fi sauƙi, su ce "ɗan targaɗe ne", daga nan sai a shiga murza hannun da ruwan ɗumi, alhali ƙashi ya karye.

Ɗori shi ne mayar da ƙashi mazauninsa da ɗaure shi, mai yin sa kuma maɗori. Karan da yake jerawa a jikin gaɓa shi ne karan ɗori, sunan da aka ara aka ba alamar rubutu da ke haɗa kalmomi, kamar a cikin guje-guje. A ɓangaren asibiti akwai kalmomi uku: tiyata, wadda aka aro daga sunan ɗakin aikin a Ingilishi, fiɗa, wadda asalinta feɗe dabba ne, da kuma aiki. Jama'a sun fi son su ce "an yi masa aiki", domin kalmar fiɗa tana kawo hoton mahauci da wuƙa.

3.0 Yadda Ƙashin Yaro Yake

Ƙashin yaro ya bambanta da na babba. Yana da taushi, har yakan lanƙwashe ya dare ta gefe ɗaya kamar ɗanyen reshe. Yana saurin haɗewa. A kusa da ƙarshensa kuma akwai wurin da tsawonsa yake ƙaruwa, wanda idan ya lalace hannun kan girma a karkace.

Karayar da ta fi yawa a gwiwar hannun yara ita ce ta ƙarshen ƙashin dantse, dab da gwiwar. Ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7, idan suka faɗo suka dafa ƙasa da hannu a miƙe. Hatsarinta shi ne babbar jijiyar jinin hannu, da jijiyoyin da ke kai ji da motsi ga yatsu, duk ta nan suka ratsa. Bakin ƙashin da ya goce yana iya danne su ko ya ji musu rauni.

4.0 Shawarar Iyali

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 6 da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, aka kawo shi gida yana riƙe da hannu. Kafin magariba gida ya rabu biyu. Kaka ta ce a kai shi wurin maɗorin da ya ɗora mahaifinsa yana yaro. Uwa ta fi son asibiti, amma kunyar suruka ta hana ta ɗaga murya. Uba kuma yana lissafin abin da ke aljihunsa.

Masu son maɗori suna da hujjojinsu. Yana kusa, an san gidansu, sana'ar gado ce, kuɗinsa kaɗan ne kuma yana ɗaga ƙafa, sannan yana haɗawa da tofi. Karaya mai sauƙi takan warke a hannunsa. Babbar hujjarsu kuwa tsoro ce: wai asibiti yanke hannu suke yi.

A nan ake buƙatar bayani. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura a kwanakin farko. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai jini ya daina gudana. Bayan kamar sa'a 6 naman hannun kan fara mutuwa. Wani lokaci hannun ya tsira amma yatsu su ƙanƙance su kasa miƙewa har abada, lalurar da wani likita Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana a 1881. Wani lokaci kuma hannun ya yi baƙi ya ruɓe. Sai a sannan ake garzayawa asibiti, inda babu abin da ya rage sai yankewa don ceton rai. Jama'a suna ganin wanda ya dawo da dungu, ba sa ganin kwanakin da aka ɓata kafin a tafi.

5.0 Yadda Ake Yin Aikin

A asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ana fara duba ɗumin yatsu da motsinsu da bugun jini a tsintsiyar hannu, sannan a ɗauki hoton ƙashi. Idan ƙashin bai goce ba, ɗauri kaɗai ya isa. Idan ya goce, sai aiki.

Ana hana yaron abinci na kimanin sa'a 6 don kada ya yi amai ya shaƙe yayin da yake cikin barci. Likita yakan yi wa iyaye bayani, uba ko waliyyi ya sa hannu a takardar amincewa. Bayan an ba yaron maganin sa barci, likita yakan mayar da ƙashin mazauninsa, galibi ba tare da tsaga fata ba, sannan ya soka siraran ƙarafa 2 ko 3 su riƙe shi. Ana tsagawa ne kawai idan ƙashin ya ƙi komawa ko jijiyar jini ta taɓu. Daga nan sai a sa ɗauri mai tauri, a rataye hannun a wuya. Bayan mako 3 zuwa 4 ake zare ƙarafan, yawanci ba tare da an sake sa shi barci ba. Ya kamata iyaye su san wannan tun farko, domin da yawa suna zaton ƙarfen zai zauna a jikin yaron har tsufansa.

6.0 Jinya da Dubiya

Jinya a al'adar Bahaushe nauyin dangi ne. Uwa ce kan kwana a gefen gado, wata gwaggo ko inna ta riƙe sauran yara, 'yan'uwan uba su haɗa gudummawa, maƙwabta su aiko da abinci. Masu dubiya kan ce, "Sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Wannan yana rage wa iyaye nauyi ƙwarai. Sai dai dubiya takan zo da shawarwari barkatai da zargi, musamman ga uwa, a ce sakacinta ne. Zargin ba ya haɗa ƙashi, sai ƙara mata damuwa da yake yi, yaro kuwa daga fuskar uwarsa yake karanta girman ciwonsa.

Bayan sallama akwai abubuwan kiyayewa. Kada ɗaurin ya jiƙe. Kada yaro ya zura tsinke ciki don susa. A riƙa ɗaga hannun a kan matashi. A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan zafi yana ƙaruwa duk da magani, ko yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji, ko ɗaurin ya fara wari. Bayan an cire ɗauri gwiwar takan sage na ɗan lokaci. Ba a miƙar da ita da ƙarfi. Wasa da hidimar yau da kullum sukan sake ta a hankali.

7.0 Nauyin da ke Kan Malami

Idan yaro ya faɗi a makaranta, kada malami ya ja hannun ko ya murza shi. Ya tallafe shi yadda ya same shi da kwali ko rula, ya ɗaure sako-sako, ya rataye da ɗankwali. Kada ya ba shi abinci ko abin sha. Ya sanar da shugaban makaranta da iyaye, ya faɗa musu cikin ladabi cewa hoto ne kaɗai zai nuna ko targaɗe ne ko karaya. Maganar malami tana da nauyi a wurin iyaye, takan kuma ba uwa ƙwarin gwiwar faɗin abin da ke ranta.

Idan yaron ya dawo aji, a zaunar da shi inda ba za a bangaje shi ba. Idan hannun rubutu ne ya karye, a gwada shi da baka. A hana tsokana, a kuma taimaka masa ya cim ma darussan da suka wuce shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar da aka kira ciwo da ita take jan iyali zuwa ga murza ko ɗori ko asibiti, da yadda matsattsen ɗauri da jinkiri suke jawo asarar hannu. An kuma ga matakan aikin da na jinya. Malamin da ya san waɗannan zai iya zama sanadin tsirar hannun ɗalibinsa.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin targaɗe da gocewa da tsagewa da karaya.
2. Me ya sa jama'a suka fi amfani da kalmar aiki a kan fiɗa?
3. Kawo alamomi 4 da ke nuna jini ba ya isa yatsun yaro.