ZUMUNCI A ƘAFA YAKE: MIJI DA MATA BAYAN KAKA

Kaka ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba a rumbu. An rore wake, an cire gyaɗa. Daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwan farko, manomi yana da wata shida ko bakwai da aikin gona bai matsa masa ba. Me ake yi da wannan lokaci?

A gidaje da yawa, maigida yakan ɗauki jaka ya tafi cin rani, ya bar mata da yara. Wani kuma ya zauna gindin itace yana dara tun safe har maraice. Mace kuwa, daga turmi sai rijiya, daga rijiya sai neman itace. Shekara ta zagayo ba ta ga komai ba sai dangar gidanta. In biki ya taso, sai a buɗe rumbu a kai hatsi kasuwa lokacin da yake da araha. In damina ta kama, a sayo shi da tsada, ko a ci bashi.

Akwai wata hanya. Miji da mata suna iya shirya rani tare. Su raya zumunci, su kalli wasannin gargajiya, su yi tafiya su ga ƙasa, kuma cimakar gida tana nan ba a taɓa ta ba. Ga misali: wani magidanci da matarsa a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ba masu kuɗi ba ne. Gona biyu gare su, da jaki ɗaya, da ƴan awaki. Su duka biyu suna zuwa ajin yaƙi da jahilci.

SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI

Da safe maigida yakan tafi garka, ya ban ruwa ga albasa da salati da tumatir. Noman rani ya ƙara yaɗuwa a ƙasar nan tun bayan farin shekarar 1984. Uwargida takan yi fura, ta ba awaki dusa, ta matse man gyaɗa, ta soya ƙuli-ƙuli. Da rana takan tafi karatu tare da mata. Da dare shi ma ya tafi nasa. Bayan tuwon dare sukan zauna a tabarma ɗaya su yi hira.

A nan ne abin yake. Hirar tasu ba ta gulma ba ce, ta shawara ce. Akwai littafi ƙarami da suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Da an gama kaka, sukan ƙidaya hatsin da ke rumbu. Sun san tiya nawa gidan ke ci a kwana ɗaya. Sai su lissafa har zuwa wata kaka, su ware iri, su fitar da zakka. Abin da ya shiga wannan lissafi ba ya zuwa kasuwa, ko da bikin wa za a yi.

Wata rana uwargida ta ce: "Maigida, shekara huɗu ke nan rabona da yayata da ke aure a Damagaram." Bai ce mata babu hali ba. Ya ce: "Ɗauko littafi mu duba."

KUƊIN TAFIYA DAGA INA?

Kuɗin tafiya ba daga rumbu suke fitowa ba. Daga tanadi suke fitowa. Ga yadda lissafin yake.

Dala ɗaya tamma 5 ce. Jikka ɗaya tamma 1.000 ce, wato dala 200. Lambar da ke rubuce a jikin takardar kuɗi, in aka raba ta gida 5, sai a sami yawan dalolinta. Wanda ya san wannan, ba a cutarsa wajen canji.

Kowace ranar kasuwa maigida yana ajiye dala 100 daga cinikin garka. Uwargida tana ajiye dala 50 daga ribar mai da ƙuli-ƙuli. In aka haɗa, dala 150 ke nan a mako, wato tamma 750. Cikin mako 20 sun tara tamma 15.000, jikka 15 ke nan. Cikin mako 40, jikka 30. Sannu-sannu kwana nesa.

Uwargida kuma tana cikin asusun mata. Irin wannan asusu, da ake kira Mata Masu Dubara, a jahar Maradi aka fara shi cikin shekarar 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Mata suna zubi kowane mako, suna ba juna rance, in lokaci ya cika su raba. Da rabonta ta sayi ɗan akuya, ta yi kiwo. In tafiya ta matso, shi za a sayar.

ABOKAI DA ƘAWAYE

Ba sai an shiga mota ba ake zumunci. A cikin gari yake farawa. Maigida yana da abokan da suka tashi tare. In za a yi wa ɗaki sabuwar jinka, ko za a gyara rumbu, gayya ake kira, a gama aiki a wuni ɗaya. Uwargida tana da ƙawaye. In ɗaya ta haihu, sauran su ɗebo mata ruwa, su yi mata daka har ta yi ƙarfi.

Akwai kuma biki, wato gudummawar da ake kai wa juna a aure ko suna. Al'ada ce mai kyau, amma tana da tarko. Wadda aka kai wa dala 100, in ta tashi ramawa sai ta ce dole ta ninka. Ninki kan ninki, har a sayar da akuya ko hatsi don gudun kunya. Wannan mata da ƙawayenta sun zauna sun yanke shawara: kowa ta kai daidai ƙarfinta, babu gori. Tana rubuta abin da aka kawo mata da abin da ta kai. Ta haka babu mantuwa, babu rigima.

Gidansu kuma ba ya rasa baƙi. Akwai Bafillatani makiyayi da ke sauka a gonarsu da rani. Shanunsa suna cin kara, suna barin taki. Matarsa tana kawo nono, ta koma da hatsi. In Babarbare mai sayar da kanwa ya tarar da shi a zauren gidan, sai tsiya ta tashi, kowa yana cewa shi ne ubangidan wani, jama'a suna dariya. Wannan shi ne wasan taubasai. Yana tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa, da Gobirawa da Zabarmawa. Taubashi ba ya fushi da taubashinsa, kuma sau da yawa wasan yana kashe faɗa tun bai yi girma ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya.

WASANNIN GARGAJIYA

Lokacin ɗari, in wata ya yi fari, dandali yakan cika. Ƴan mata suna gaɗa, samari suna langa, tsofaffi mata suna yi wa jikoki tatsuniya. Miji da matar nan ba sa hana yaransu zuwa. Su ma sukan fita kallo, shi wajen maza, ita wajen mata, in sun dawo kowa ya ba wani labari.

Babban wasan bayan kaka shi ne kokowa. Ƙauye yakan gayyaci ƙauye, makaɗa su buga, ƴan kokowa su fito da layu da guraye. Daga irin waɗannan filaye ne ake samun gwanayen da ke zuwa neman takobin ƙasa. An fara wannan gasa a Tawa cikin shekarar 1975. Yakuba Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukar takobi, shi ya sa filin kokowar Maradi yake da sunansa. Jahohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, jimla 80. Ana zagayawa da gasar jaha-jaha. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas, a ƙarshen shekarar 2023. Ranakun gasa, maigida yakan fito da rediyo tsakar gida, maƙwabta maza da mata su taru, a dafa shayi, a yi ta musu a kan wanda zai kai wani ƙasa.

TAFIYA DAMAGARAM

Da kuɗi suka cika, sai aka sa rana. Ƙanen maigida ya karɓi ban ruwan garka. Kakar yara ta karɓi gida. Amalanke ya kai su bakin babbar hanya. Ita ce hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maradi da Tasawa, ta wuce Damagaram har ƙasar Difa. Daga Tasawa zuwa Damagaram akwai sama da kilomita 100, ana bi ta Takeita.

A nan karatu ya nuna amfaninsa. Maigida ya karanta kuɗin da aka rubuta a tikiti, ya ƙidaya canjinsa. Uwargida tana karanta sunayen garuruwa a allunan bakin hanya. Lambar salular gidan yayarta tana rubuce a littafi. Ba su roƙi kowa ya duba musu takarda ba.

Sun kai tsaraba irin ta ƙauye: ƙuli-ƙuli, kuɓewa busasshiya, kuka da zabi biyu. Kwana biyu na farko na gaisuwa ne. Sun yi barka da haihuwar da aka yi ba su nan, sun yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu. Bayan haka mai masaukinsu ya zagaya da su gari.

Sun shiga unguwar Birni, tsohon gari, mai lunguna da manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a bango. Sun tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram, sun ga dogarai da jajayen riguna. An ba su labarin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa Damagaram a ƙarni na 19. An gaya musu nan ne babban birnin ƙasa a zamanin Turawa, kafin a mai da shi Yamai a shekarar 1926. Sun ga unguwar Zango, masaukin fatake da ayarin raƙuma a da. Sun ga dukawa suna ɗinkin jaka da takalma. Ranar Alhamis sun ci babbar kasuwa. Ranar Lahadi sun tafi Mirriya, kusan kilomita 20 daga birni, garin lambuna da tukwane. Uwargida ta sayi tulu, ta tsaya ta ga yadda mata ke gina shi. Maigida ya shiga lambu, ya yi tambaya a kan dashe da taki, ya sayo iri. Matambayi ba ya ɓata.

Kwana bakwai suka yi, suka dawo da sauran canji a aljihu.

ABIN DA MATAFIYI ZAI KULA DA SHI

1. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, mace da namiji. Ana tambayarsa a shingen hanya. Mai neman kati yana bukatar takardar haihuwa, don haka a nemi takardu tun da wuri.

2. A tambayi labarin hanya kafin a tashi. Akwai yankunan da tsaro bai inganta ba. A yi tafiya da rana, a guji ta dare.

3. A sanar da mai masauki tun kafin a zo, kuma kada a daɗe. A birni komai saye ake yi, har ruwa da itace.

4. A ware kuɗin komawa a wuri dabam, kada a taɓa su a kasuwa.

5. A tafi da gidan sauro da ruwan sha mai tsabta. In da yaro za a tafi, a ɗauki katinsa na riga-kafi. Mace mai ciki ta fara zuwa awo ta ji shawarar likita.

6. An fi son tafiya lokacin ɗari. Da bazara zafi ya yi yawa, lokacin sanƙarau ne, kuma sharar gona tana jira.

ME AKA SAMU?

Wani zai ce wannan ɓarnar kuɗi ce. A duba da kyau. Zumuncin da ya kusa yankewa ya ɗore. Ɗan yayar uwargida zai zo hutu ƙauye, kuma in yaron gidan ya sami shiga makaranta a birni, yana da masauki. Maigida ya dawo da sabon iri da sabuwar dabara. Uwargida ta ga farashin man gyaɗa a birni da idonta, yanzu ta san darajar sana'arta. Gani ya kori ji.

A ajin yaƙi da jahilci malami ya ce kowannensu ya rubuta labarin tafiyar. An karanta a gaban jama'a, an yi tambayoyi. Rumbunsu kuwa yana nan a rufe. Wata shekara, in Allah ya kai rai, sun ce Maradi suka nufa, su ga tafkin Madarunfa da fadar Sarkin Gobir a Tsibiri. Tun makon da suka dawo suka fara sabon tanadi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa bai kamata a sayar da hatsin ci don biki ko tafiya ba?

2. In miji yana ajiye dala 80, mata tana ajiye dala 40 kowane mako, jikka nawa za su tara cikin mako 25?

3. Waɗanne wasannin gargajiya ne suka rage a garinku, waɗanne ne suka ɓace?

4. Wane ɗan'uwa ne kuka daɗe ba ku ziyarta ba? Ku rubuta masa wasiƙa.