Gwajin Jini Ya Buɗe Sabuwar Kasuwa a Fagen Gano Gigin Tsufa

A ranar 16 ga watan Mayu na shekarar 2025, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince wa kamfanin Fujirebio na ƙasar Japan ya soma sayar da gwajin jini na farko da ta tantance don taimaka wa likitoci gano cutar Alzaima, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa gigin tsufa. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, ta ba kamfanin Roche na Suwizalan irin wannan izini.

Kafin wannan lokaci, tabbatar da cutar yakan buƙaci ɗayan hanyoyi biyu: ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar PET, wanda kuɗinsa kan kai dubban daloli, ko kuma a soka allura a ƙashin baya a zuƙo ruwan laka. Sabon gwajin kuwa jinin hannu kawai yake buƙata. Yana auna sinadaran furotin guda biyu, wato tau da amiloyid, waɗanda adadinsu a jini ke sauyawa idan amiloyid ya soma daskarewa a cikin ƙwaƙwalwa.

Wani bincike da masanan Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka wallafa a 2024, wanda ya shafi marasa lafiya 1,213, ya nuna cewa gwajin jini ya yi daidai da kashi 91 cikin ɗari, alhali ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa sun dace da kashi 73, likitocin ƙananan asibitoci kuma kashi 61.

Abin da ya sa kamfanoni ke rige-rigen shiga wannan fage a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutane miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma a 2019 ɗawainiyarsu ta ci dala biliyan 1,300. Kusan rabin wannan kuɗi, ƙimar hidimar da iyalai ke yi ne a gida ba tare da lada ba. Bugu da ƙari, an samu sababbin magunguna masu rage saurin cutar, duk da cewa ba sa warkar da ita: Leqembi na kamfanonin Eisai da Biogen, wanda aka sa wa farashin dala 26,500 a shekara a 2023, da Kisunla na Eli Lilly da ya biyo baya a 2024. Ba a ba mutum waɗannan magunguna sai an tabbatar akwai amiloyid a ƙwaƙwalwarsa, saboda haka gwaji mai rahusa shi ne ƙofar cinikin magani mai tsada.

Sai dai kuma akwai sauran rina a kaba. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu cutar suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, inda farashin maganin ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Haka nan, akasarin gwaje-gwajen da aka kafa ma'auni da su an yi su ne a kan Turawa. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka soma a 1992, ya gano cewa tsofaffin Yarabawa ba sa kamuwa da cutar kamar baƙaƙen fatar Amurka, abin da ke nuna cewa ba dole ne ma'aunin wata al'umma ya dace da wata ba. Kazalika ciwon ƙoda na iya ɗaga adadin furotin ɗin a jini, ya rikita sakamako. Ita kanta hukumar ta Amurka ta keɓe gwajin ga masu shekaru 55 zuwa sama da suka riga suka nuna alamun mantuwa, kuma ta ce ba a yanke hukunci da shi kaɗai.

Duk da haka, sanin cutar da wuri yana da amfani ko da babu kuɗin magani. Ga ɗan kasuwar da lissafin bashi da amanar abokan hulɗa ke cikin kansa, wannan sani dama ce ta rubuta abin da yake bi da abin da ake binsa, ya naɗa magaji, ya yi wasiyya tun hankalinsa na tare da shi.