Taura Biyu A Baki Ɗaya: Ɗalibin Jami'a Da Wasan Lakuros A Amurka

A ranar Litinin ta ƙarshe a watan Mayun 2025, Jami'ar Cornell ta doke takwararta ta Maryland da ci 13 da 10, ta ɗauki kofin wasan lakuros na jami'o'in Amurka, wanda rabonta da shi tun 1977. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, Cornell na cikin rukunin tsofaffin jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, waɗanda ba su biya wa kowa kuɗin makaranta saboda ya iya wasa. Ga shi kuma Mayu shi ne watan jarrabawar ƙarshen zango. Wato dai samarin nan sun yi ta fafutukar kofi ne da littafi a hammata.

Wataƙila mai karatu bai taɓa ganin wannan wasa ba. Ana yin sa ne da sanda mai 'yar raga a kai, kamar ƙaramar komar kamun kifi, da ita ake cafe ƙwallon roba mai tauri, a ruga da shi, a wurga cikin ragar abokan hamayya. A wasan maza mutum 10 ne a kowane ɓangare, ana fafatawa minti 60. Asalinsa na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, tun kafin zuwan Turawa. Wani likitan haƙori na birnin Montreal, William George Beers, shi ya tsara masa dokokin zamani a 1867.

To, yaya ɗalibi ke tauna waɗannan taura biyu? A rubuce, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta yi tanadi mai kyau. Tun 1991 ta ƙayyade cewa a lokacin kakar wasa kada koci ya riƙe ɗalibi fiye da awa 20 a mako, ko awa 4 a yini, kuma dole a ba shi hutun kwana ɗaya. Amma sai an duba yadda ake lissafin kafin a yaba. Ranar wasa awa 3 kacal ake rubuta mata, ko da ta cinye yinin ɗungurungum. Tafiyar mota ko jirgi zuwa wata jiha ba ta cikin lissafi, haka zaman jinyar rauni wurin masu gashi, haka kuma atisayen da ake cewa na ganin dama ne, wanda duk yaron da ke son a sa shi a fili ya san ba na ganin dama ba ne.

Saboda haka a jami'o'in da ke sahun farko, yini kan fara da ɗaga ƙarfe tun da asuba, a bi da lacca da hantsi, la'asar a fili, sannan kallon bidiyon abokan karawa, da dare kuma 'yan shekarar farko su tafi ɗakin karatun dole. Kakar na farawa a Fabrairu, lokacin da sanyi ke tsananta a jihohin arewa maso gabas inda wasan ya fi kafuwa. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai karatun injiniya ko mai shirin shiga likitanci, domin darussan ɗakin gwaje-gwaje da rana ake yinsu, daidai lokacin atisaye. Nan ne wasu kan sauya fanni, su koma wanda jadawalinsa bai ci karo da na koci ba. A ganina wannan ita ce asarar da ba ta fitowa a allon sakamako.

Kuma ba a ɗaga masa ƙafa a aji. Dokar NCAA ta ce sai ya kammala kashi 40 cikin 100 na darussan digirinsa kafin shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu. In ya gaza, sai benci. An san akwai masu bi ta bayan gida: binciken da aka fitar a 2014 kan Jami'ar North Carolina ya gano ɗalibai kimanin 3,100 sun yi darussan bogi cikin shekara 18, kusan rabinsu 'yan wasa, akasari na ƙwallon Amurka da na kwando.

Ɗan lakuros kuwa ba shi da dalilin yin sakaci, domin wasansa bai da kitse. Kafin 2025, guraben tallafin karatu 12.6 kawai aka yarda ƙungiyar maza ta raba, alhali 'yan wasanta kan haura 40, sai kowa ya sami ɗan yanki, iyaye su cike sauran. Sulhun da kotu ta amince da shi a Yunin 2025 ya cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga tsarin, aka maye gurbinta da ƙayyade yawan 'yan wasa: maza 48, mata 38. Sai dai cire iyaka bai tilasta wa jami'a ta ƙara kuɗi ba, kuma mafi tsokar abin da ake rabawa ƙwallon Amurka da na kwando yake tafiya.

Bayan digiri fa? Akwai gasar ƙwararru ta Premier Lacrosse League, wadda Paul Rabil da ɗan'uwansa suka kafa, ta fara wasa a 2019, amma ƙungiyoyinta 8 ne kawai, kuma da yawa daga cikin 'yan wasanta na da wani aikin da suke ci da shi, wasu koyarwa, wasu horar da yara, wasu a kamfanonin hada-hadar kuɗi. A 2028 wasan zai koma gasar Olamfik a Los Anjelis, bayan rabonsa da neman lambar yabo a can tun 1908, sai dai da mutum shida-shida za a buga shi. Ke nan cikin dubban ɗaliban da ke tashi da asuba saboda sandar nan, 'yan ƙalilan ne za su sa rigar ƙasa. Sauran, takardar digirin da suka kammala a kujerar mota tsakanin wannan fili da wancan ita za su riƙa su je neman aiki.