Jaririn Da Ke Gajiya Wajen Shan Nono: Ko Zuciyarsa Ce?

'Yan'uwa manoma, maza da mata, a wannan karo ba zancen taki ko iri za mu yi ba. Zancen wani irin jariri ne wanda kusan kowane ƙauye an taɓa ganinsa. An haife shi lafiya, an yi suna, an yi murna. Bayan wata ɗaya ko biyu, sai uwa ta lura yana kama nono da zafinsa, amma bai daɗe ba sai ya saki, yana haki, gumi na tsattsafowa a goshinsa. Ya yi barci, ba da daɗewa ba ya farka da kukan yunwa. Tsaransa suna ƙiba, shi kuwa yana nan jiya i yau.

Nan da nan sai surutu ya tashi. Wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau. Wasu su ce beli ne, a kira wanzami. Wasu ma su fara zargin maƙwabta da maita. Alhali kuwa sau da yawa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan. Zuciyar yaron ce aka haife shi da ita da 'yar naƙasa. Likitoci sun ƙididdige cewa cikin jarirai 100, wajen 1 yakan zo da irin wannan.

Yadda abin yake

Wanda ya taɓa aiki da injin ban ruwa a fadama zai gane wannan da sauri. Zuciya famfo ce mai ɗakuna 4. Sashen dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska mai kyau. Sashen hagu yana karɓar wannan jini ya tura shi ko'ina cikin jiki. Tsakaninsu akwai bango.

Naƙasar da aka fi samu ita ce 'yar kafa a jikin bangon nan, tsakanin ɗakuna biyu na ƙasa. Jinin da ya kamata ya tafi jiki sai wani sashensa ya bi ta kafar ya sake komawa huhu. Kamar bututun da ya tsage ne, ruwa yana komawa rafi. Inji yana ta ruri, mai yana ƙarewa, amma ruwan da ke isa gona kaɗan ne. Huhu ya cika da jini fiye da kima, numfashi ya yi wuya, zuciya kuma tilas ta riɓanya aikinta.

Akwai kuma wata jijiya wadda kowane ɗa yake amfani da ita tun yana ciki, wadda takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki bayan haihuwa. A wasu jarirai, musamman bakwaini, takan ƙi rufewa. A wasu kuma hanyar zuwa huhu ce ta ƙuntace, jini ba ya samun isasshiyar iska, sai harshe da dasashi su koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka.

Galibi ba a san dalili ba, kuma ba laifin uwa ba ne ko na uba. Abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin su ne ƙyandar Jamus a farkon ciki, ciwon sukari ga uwa, shan giya ko burkutu, da shan magunguna barkatai lokacin goyon ciki. Ƙyandar Jamus tana da allurar rigakafi.

Me ya haɗa zuciya da shan nono?

Tsotson nono shi ne noman jariri, ba shi da wani aikin da ya fi shi nauyi. Tilas ya tsotsa, ya haɗiye, ya yi numfashi, duk a jere. Yaron da tun farko yake haki ba zai iya haɗa ukun nan na dogon lokaci ba. Ga shi kuma jikinsa yana ƙona abinci fiye da na sauran yara, domin zuciya da huhu ba sa hutawa. Wato yana bukatar abinci da yawa, amma kaɗan yake iya sha. Shi ya sa yake ramewa.

Ku lura, idan kafa ce a bangon zuciya, sau da yawa alamun ba sa fitowa sai yaro ya kai mako 4 zuwa 8. Kada a ce ai an haife shi lafiya, don haka ba zuciya ba ce.

Alamun da za a duba

1. Gumi a kai lokacin shan nono, ko da ba a zafi.
2. Yawan sakin nono don ya huta, shayarwa tana jan lokaci amma ba ya ƙoshi.
3. Saurin numfashi. A ƙirga da agogo minti ɗaya cur, lokacin da yake kwance shiru. In ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, ko 50 ga mai wata 2 zuwa shekara, ya yi yawa.
4. Rashin ƙaruwar nauyi. Lafiyayyen jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko, ya mai da nauyinsa cikin mako 2, sa'an nan ya riƙa ƙara wajen giram 150 zuwa 200 kowane mako a watanni 3 na fari.
5. Tari da ciwon haƙarƙari suna ta dawowa.
6. Canjin launin harshe da cikin leɓe.

Waɗannan alamu ba su ne hukunci ba, gama limoniya da ƙarancin jini ma sukan kawo wasunsu. Likita ne zai saurari ƙirji, ya gwada iskar da ke cikin jini da 'yar na'urar da ake maƙala wa a ƙafa ko hannu, ya kuma tura a ɗauki hoton zuciya. Ana yin wannan hoto a manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, Zariya da Kano. Ba yanka, ba zafi.

Yadda za a shayar da shi

Dokar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai. A ba shi nono kamar kowace sa'a 2, dare da rana. Kada a jira sai ya yi kuka, domin kuka yana cinye ƙarfin da zai yi tsotso da shi. Da ya fara motsa baki ko tsotson hannu, a sa shi. In ya yi barci fiye da sa'a 3, a tashe shi a hankali.

A riƙe shi kansa a sama, kamar yana zaune a jingine. In ya saki don ya yi numfashi, a bar shi. Amma kada shayarwa ɗaya ta wuce minti 20 zuwa 30, gama bayan haka ƙarfin da yake kashewa ya fi abin da yake samu.

In ya gaji bai ƙoshi ba, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta tatse sauran nonon cikin ƙaramin kofi da aka tafasa. Nonon da ke fitowa daga ƙarshe ya fi maiƙo, shi ne mai sa ƙiba. A zaunar da yaro, a karkata kofin har nono ya taɓa leɓensa, ya lasa da kansa. Ba a zuba masa, ba a yi masa ɗura. Ɗura takan tura abinci cikin huhu. Nonon da aka tatsa a rufe shi a ajiye wuri mai sanyi, in ya wuce sa'a 4 a zubar.

Kafin wata 6, kada a ba shi ruwa, ko jiƙo, ko kunu, ko madarar shanu. Cikinsa ƙarami ne, duk abin da ya shiga ya tare wurin nono. Bulumboti kuwa ba ya fi nono sauƙi ba, ga shi yana kawo zawo inda tsabtar ruwa ke da wuya. In likita ya ga ana bukatar ƙari, shi zai faɗi abin da za a ƙara. In yaro yana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a yini da dare, alama ce yana samun abin sha. Katin awo shi ne babban shaida, sai a riƙa kai shi awo kowane mako ko mako biyu.

Wani lokaci a asibiti sukan sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki, a riƙa zuba nonon uwa ta nan. Iyaye da yawa sukan tsorata, su ce alamar mutuwa ce. Ba haka ba ne. Hutu ne ake ba yaron, ya ci ba tare da ya yi aiki ba.

A kiyaye waɗannan

Kada a cire beli, kada a yi tsaga ko sakiya a ƙirji. Jinin da zai zuba da ƙwayar cutar da za ta shiga suna iya kashe irin wannan yaro. A raba shi da hayaƙin murhu da na taba, da masu mura. Ya kwana cikin gidan sauro, a kuma cika masa alluran rigakafi a kan lokaci. In likita ya ba da maganin rage ruwa a jiki, a ba da shi daidai yadda aka auna. In yaro ya kamu da zawo ko amai yana kan wannan magani, a koma asibiti ran nan.

A tashi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne in ya ƙi nono sam, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko yana nishi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya koma shuɗi. In shuɗin ya zo farat ɗaya, a rungume shi, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a lallashe shi a kan hanya.

Akwai sa zuciya

Ƙananan kafofi da yawa sukan rufe da kansu yayin da yaro ke girma. Wasu magani ne ke riƙe su. Wasu sai an yi aiki. Tun 1938 wani likita, Robert Gross, ya ɗaure jijiyar nan mai ƙin rufewa a birnin Boston na Amurka, yarinyar ta warke. A Nijeriya ma, an fara aikin buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Gaskiya ne aikin yana da tsada, wuraren yinsa kuma kaɗan ne. Amma yaron da aka gano da wuri, aka kuma ciyar da shi har ya yi nauyi, shi ne ya fi jure aikin.

Aikin ƙungiya

Ku lissafa. Shayarwa sau 10 ko 12, kowace da tatsarta, ta cinye yini. Macen da ke wannan ba za ta iya zuwa gona, da rafi, da daji neman itace ba. Nan ne ƙungiyarmu za ta nuna amfaninta. Maza su yi wa gidan gayya lokacin noma da girbi. Zumuntar mata ta raba kwanaki, wannan ta ɗebo ruwa, wannan ta yi daka, waccan ta riƙe manyan yara. A kai wa mai jego gyaɗa, wake, ƙwai da zogale. A keɓe wani abu cikin asusu domin kuɗin mota, a kuma san tun yanzu motar wa ko babur ɗin wa za a nema da dare.

Maigida, kai ne za ka tsaya tsakanin matarka da masu cewa nononta ne. Fasto da dattawa, ku kashe zancen maita tun bai raba gidaje ba. Mu yi addu'a, mu kuma kai yaron wurin likita, gama Ubangiji da ya ba da ɗan shi ya ba da ilimin magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A taronku na gaba, a karanta wannan a gaban kowa, a kuma tambayi juna ko akwai irin wannan jariri a ƙauyenmu.